Ta ina ake fara karanta zanen SysML?

Wani ƙanenmu da ya karanta injiniyan lantarki, ya gama hidimar ƙasa, ya rubuto mini cewa ya samu gurbin digiri na biyu a fannin injiniyan tsare-tsare. A makon farko aka miƙa masa takardu cike da zanen SysML, wato harshen zane da injiniyoyi ke bayyana tsarin na'ura da shi, aka ce ya duba ya kawo sharhi. Ya ce zanen wayarin ba ya ba shi wahala, amma wannan kam akwatuna da kibiyoyi kawai yake gani, wasu baƙaƙe, wasu farare, wasu a tsittsinke. Yana tambaya ko sai ya haddace alamomin duka kafin ya fahimci wani abu, da kuma ko dole ne ya fara koyon UML tukuna, wato harshen zanen da SysML ta samo asali daga gare shi.

Ƙanena, duka biyun amsarsu a'a ce. Alamomin da za su yi ta maimaituwa a gabanka ba su kai ashirin ba, kuma a mako biyu za su zauna maka ko ba ka yi niyyar haddace su ba. Abin da ke ɗaure wa sabon shiga kai wani abu ne daban. Ka saba da zanen wayarin, inda takardar ita ce komai: wayar da ba a zana ba, babu ita. A SysML ba haka ba ne. Akwai samfuri guda ɗaya a cikin kwamfuta, wani rumbu da aka tara duk sassan na'urar da alaƙarsu a ciki, zanen kuwa taga ce kawai da wani ya buɗe don ya nuna maka kusurwa ɗaya ta rumbun. Ya zaɓi abin da zai nuna, ya ɓoye saura. Saboda haka rashin ganin abu a zane ba ya nufin babu shi a samfurin. Idan wannan ya zauna maka, rabin ruɗanin ya tafi, don za ka daina neman labarin duka a takarda ɗaya, ka koma tambayar kowane zane: kai wace tambaya aka zana ka don ka amsa?

Batun UML kuwa, ka san asalin abin a taƙaice ya ishe ka. Masu rubuta manhaja ne suka fara da UML, wanda Grady Booch da James Rumbaugh da Ivar Jacobson suka haɗa, ƙungiyar OMG mai tsara ƙa'idojin manhaja ta amince da shi a 1997. Injiniyoyin jirage da motoci da taurarin ɗan'adam suka ga yana da amfani amma bai san ruwa da zafi da nauyi ba, kuma ba shi da wurin rubuta buƙatun mai aiki. Sai ƙungiyarsu ta INCOSE ta haɗa kai da OMG, aka ɗebi wani ɓangare na UML aka yi masa ƙari, sigar farko ta SysML ta fito a 2007. Idan ka tsaya koyon UML gaba ɗaya, za ka ɓata watanni a kan abubuwan da aka riga aka zubar. Zane iri tara ne a SysML na farko, biyu daga ciki sabbi ne fil, wato na buƙatu da na lissafi.

Kafin idonka ya faɗa kan akwatunan, duba kusurwar sama ta hagu. Kowane zane yana cikin firam, kuma a wannan kusurwar akwai ɗan rubutu da mutane suka fi tsallakewa. Haruffan farko suna gaya maka irin zanen: bdd, ibd, req, act, stm, sd, par, uc, pkg. Bayansu sai nau'in abin da firam ɗin ke wakilta da sunansa. Wannan ɗan layin kamar adireshin ambulan yake. Akwati mai kusurwa huɗu a bdd da akwati mai kusurwa huɗu a ibd kamarsu ɗaya, amma ba abu ɗaya suke faɗa ba, kuma adireshin nan ne kawai zai raba maka su.

Bari mu ɗauki abin da ni da kai muka sani, rijiyar burtsatse mai aiki da sola. Akwai faifan sola, akwai kwantirola, akwai famfon da ake zurawa cikin rijiya wanda masu aikin ke kira sumo, akwai tanki a sama, akwai ɗan makunnin da ke yawo a kan ruwan tanki yana sanar da cikarsa.

Zanen bdd shi ne na ma'anar sassa. Yana amsa tambayar: waɗanne irin abubuwa ne a nan, kuma wanne ya ƙunshi wanne? Za ka ga akwati an rubuta Burtsatse, layuka sun sauko daga gare shi zuwa Tanki da Famfo da Kwantirola da Faifan Sola. A bakin kowane layi, ta wajen Burtsatse, akwai ɗan daimon baƙi. Ka riƙe wannan da kyau: daimon yana zama ne a wajen uwa, ba a wajen 'ya ba. Baƙin daimon yana cewa wannan sashen mallakin uwar ne, ɓangare ne na jikinta. Idan daimon ɗin fari ne, ko babu shi sam, to alaƙa ce ta aro. Misali janareton makarantar da ke kusa, wanda akan jona idan hadari ya rufe rana: tsarin ya san da shi, yana amfani da shi, amma ba nasa ba ne, kuma ba zai shiga lissafin kuɗin kayan ba. A ɗaya bakin layin za ka ga lamba. Idan an rubuta 4 kusa da Faifan Sola, faifai huɗu ke nan. Idan 1..* ne, ɗaya ko fiye. Idan 0..1 ne, ana iya samunsa ana iya rasa shi, kuma duk inda ka ga 0..1 ka tsaya ka tambayi kanka me zai faru ranar da babu shi.

Akwai kuma kibiya mai farin kai mai kusurwa uku. Ita ba maganar ƙunsa take yi ba, maganar jinsi take yi. Idan ta tashi daga Famfon Sola ta nufi Famfo, tana cewa famfon sola wani nau'in famfo ne, kuma duk abin da aka rubuta a kan Famfo ya gada, ko ba a sake rubuta shi ba. Nan ma ga abin da na faɗa maka ɗazu: akwatin zai iya zama wayam a idonka alhali cike yake da gado.

Yanzu ga inda kusan kowa ke tuntuɓe. Layukan bdd ba wayoyi ba ne, ba bututu ba ne. Mai ilimin lantarki irinka da ya ga layi tsakanin akwati biyu, zuciyarsa za ta ba shi cewa wuta na bi ta nan. Babu abin da ke bi. Wanda ke nuna haɗi shi ne ibd, zanen cikin sashe. A nan firam ɗin gaba ɗaya shi ne Burtsatse, an buɗe cikinsa, akwatunan ciki kuma su ne sassan a wurin aikinsu. Za ka gane su da ɗigo biyu a sunan, kamar "tankin sama : Tanki". Na hagu sunan aikin da sashen ke yi a wannan tsarin, na dama jinsinsa. Bambancin kamar na kalmar "direba" ne da direban da ke jan motar gidanku. Shi ya sa Tanki zai fito sau ɗaya a bdd, amma ya iya fitowa sau biyu a ibd, ɗaya na sama ɗaya na ƙasa. 'Yan ƙananan murabba'ai da ke gefen akwatunan kafofi ne, inda abu ke shiga ko fita. Layin da ya haɗa kafa da kafa shi ne mahaɗi, baƙar alwatika da aka ɗora a kansa kuma tana nuna abin da ke gudana da inda ya nufa: wutar DC daga faifai zuwa kwantirola, ruwa daga famfo zuwa tanki, sigina daga makunnin tanki ya koma kwantirola. Kafar da ke zaune a kan firam ɗin kansa ita ce iyakar tsarin da duniyar waje. Ni idan aka ba ni ibd, daga nan nake farawa, in bi abu ɗaya da yatsa tun daga shigarsa har fitarsa. Sai in sake komawa in bi wani. Kafar da na tarar ba a jona ta da komai ba, na samu tambayata ta farko.

Zanen buƙatu, req, shi ne mafi sauƙin gani, kuma shi aka fi karantawa a juye. Kowane akwati yana da lamba da jimla guda, misali: tsarin zai cika tanki mai lita 10,000 a yini ɗaya. Kibiyoyin a tsittsinke suke, kowacce da kalma a kanta tsakanin alamomin nan « », kuma kalmomin Turanci ne da za ka gan su yadda suke: satisfy, verify, deriveReqt, refine. Ƙa'idar ɗaya ce, kibiya tana tashi daga mai dogaro ta nufi wanda aka dogara da shi. Satisfy tana tashi daga Famfo ta nufi buƙatar, wato famfo ne ke iƙirarin zai biya ta. Verify tana tashi daga gwaji ta nufi buƙatar, wato wannan gwajin ne zai tabbatar. DeriveReqt tana tashi daga ƙaramar buƙata ta koma ga wadda aka ciro ta daga gare ta, duk da cewa hankali zai ba ka akasin haka. Ka lura da kalmar da na yi amfani da ita, iƙirari. Satisfy ba hujja ba ce. Kowa zai iya jan wannan kibiyar cikin daƙiƙa biyu. Buƙatar da ke da satisfy amma babu verify, alkawari ne da babu shaida, kuma a taron bita irin su nake fara farauta.

Dabarar da ta fi yi mini amfani, wadda nake sa duk wanda na koyar ya yi ko da yana jin kunya, ita ce karanta kowane layi da baki a matsayin jimla cikakkiya. Burtsatse ya ƙunshi faifan sola huɗu. Ruwa yana tashi daga famfo zuwa tankin sama. Gwajin cika tanki yana tabbatar da buƙata ta uku. Ka yi da Hausa ma, ya fi, don fassarar za ta tilasta maka ka fahimta. Layin da ka kasa mayarwa jimla, ɗayan biyu ne: ko ba ka san alamar ba, ko wanda ya zana bai san abin da yake nufi ba. Za ka yi mamakin yawan lokutan da na biyun ne.

Sai zanukan ɗabi'a, masu nuna abin da tsarin ke yi. Na yanayi, stm, ya samo asali daga aikin da David Harel ya wallafa a 1987. Akwatunansa masu lanƙwasassun kusurwa yanayi ne da na'ura kan zauna a ciki: A Kashe, Tana Jira, Tana Turo Ruwa, Ta Samu Matsala. Baƙin ɗigo shi ne mafari. Rubutun kan kibiya kashi uku ne a jere: abin da ya faru, sai sharaɗi a cikin baka mai kusurwa, sai aikin da za a yi bayan karkatacciyar sanda. Misali: rana ta fito [tanki bai cika ba] / kunna famfo. Ba a karanta wannan zanen don a ga ko kibiyoyin da aka zana daidai ne kawai. Ana karanta shi ne don a gano wadda ba a zana ba. Ka tsaya a kowane yanayi ka jero duk abin da zai iya faruwa. Famfo yana aiki ruwan rijiya ya ja baya, ina kibiyar? Idan babu, ma'anar zanen ita ce na'urar za ta yi biris da abin, famfo ya ci gaba da juyawa a bushe har ya ƙone. An shiga Ta Samu Matsala, ta ina ake fita? Na sha ganin yanayin da ke da ƙofar shiga uku babu ta fita ko ɗaya.

Zanen ayyuka, act, ya yi kama da fulocat ɗin da kuka yi a aji biyu na jami'a, kuma wannan kamar ita ce tarkonsa. Ka samu tsakuwa, irin ta dara, ka ɗora a kan baƙin ɗigon farko, ka riƙa tura ta kan kibiyoyi. Daimon mai kibiya ɗaya shiga da yawa fita mararraba ce, tsakuwar hanya ɗaya za ta bi. Baƙar sanda mai kauri kuwa tana hayayyafa tsakuwar, kowace hanya ta samu tata, ayyukan su tafi tare. Sandar da kibiyoyi da yawa suka shiga ɗaya ta fita, jira take yi sai duk sun iso.

A nan na taɓa jin kunya, shekarun baya, a wani aiki da ba sai na ambaci sunan wurin ba. Na zana aikin kunna famfo, na sa kibiya biyu suna shiga akwatin kai tsaye, ɗaya daga farawar safe, ɗaya daga dawowa bayan an gyara matsala. A raina ina nufin ko wannan ko wancan. Mutum huɗu suka duba suka sa hannu. Ranar da aka kunna samfurin a kwamfuta don a ga yadda zai gudana, sai ya tsaya cak a bakin akwatin nan, ya ƙi gaba. Muka yi kusan yini muna zargin manhajar. Ashe ita ce mai gaskiya. A ƙa'idar harshen, kibiya biyu da suka shiga aiki kai tsaye suna nufin sai duka biyun sun kawo tsakuwa kafin aikin ya fara, kuma tawa ta biyun ba za ta taɓa zuwa ba sai famfon ya riga ya yi aiki. Abin da ya kamata in sa shi ne ɗan daimon na haɗe hanya kafin akwatin. Mu biyar mun karanta abin da muke tsammani, ba abin da ke rubuce ba. Tun daga ranar ban sake raina tsakuwa ba.

Zanen jerin saƙonni, sd, ba zai wahalar da kai ba. Sassan suna jere a sama, layi ya sauko daga kowanne, lokaci yana tafiya daga sama zuwa ƙasa. Kibiya mai cikakken kai tana nufin mai aikawa zai jira amsa, mai buɗaɗɗen kai ya aika ya wuce, tsittsinkakkiya kuma amsar ce. Akwatin da aka rubuta alt zaɓi ne, opt mai yiwuwa ne, loop maimaici. Ka dai tuna labari guda yake bayarwa, ba duk labaran ba. Na uc yana nuna su wa ke amfani da tsarin da abin da suke nema a wurinsa, na pkg kuma jerin aljihunan da aka adana samfurin ne. Kallo ɗaya ya ishe su.

Wanda nake so ka ba lokaci shi ne par, zanen lissafi, don shi ne ke mayar da zane aikin injiniya. Akwatinsa yana ɗauke da ƙa'idar lissafi, layukan kuma suna ɗaure kowane harafi na ƙa'idar da wata ƙima ta wani sashe. Layukan ba su da kai, don ba gudu suke nunawa ba, cewa suke wannan daidai yake da wancan. A rijiyarmu, ƙarfin da ake buƙata shi ne nauyin ruwa sau jan ƙasa sau yawan ruwa a daƙiƙa sau tsawon da za a ɗaga shi. A ce lita 10,000 cikin awa 5, wato lita 2,000 a awa, a ɗaga shi mita 60. Zai ba ka wat 327 ko kusa da haka. Idan famfon rabin wutar da ya sha yake mayarwa aiki, kana neman wajen wat 650 daga faifai. To a ce mai haƙa rijiyar ya ce maka 200, yana nufin ƙafa, wani ya shigar da ita a matsayin mita. Ƙafa 200 mita 61 ce kawai, lissafin ya ninka fiye da sau uku, an sayi kayan da ba a buƙata. Saboda haka a kowane layi na par, duba ma'aunin da ke bakinsa biyu. Kada ka ɗauka wannan kuskuren ƙananan ma'aikata ne. A watan Satumba na 1999 hukumar NASA ta Amurka ta rasa kumbon Mars Climate Orbiter, saboda wata manhaja tana fitar da alƙaluma da ma'aunin fam, mai karɓa kuma yana ɗaukarsu a matsayin niyuton, bambancin ninki 4.45. Lokacin ba a ƙirƙiro SysML ba, kuma ba zan ce maka zane kaɗai zai hana irin wannan ba. Amma irin wannan gaɓar, inda aikin wata ƙungiya ke haɗuwa da na wata, ita ce dalilin da ya sa ake wahalar rubuta ma'auni a kan kowace kafa.

Da ka fara sabawa, sai ka koma karanta zanukan a haɗe. Siginar da ta tayar da kibiya a stm, akwai mahaɗin da zai kawo ta a ibd? Aikin da ke act, wane sashe aka ɗora wa? Kalmar allocate ce ke nuna wannan. Sunan da ke sd, shi ne na bdd ko an canja harafi? Manyan kurakurai a tsakanin zanuka suke ɓuya, don kowane zane shi kaɗai yakan fito tsaf.

Game da kayan aiki, kamfanoni sun fi amfani da Cameo da Rhapsody da Enterprise Architect, kuma duk na kuɗi ne. Papyrus da Gaphor kyauta ne, na biyun ya fi sauƙi ga mai farawa. Capella ma kyauta ce kuma tana da kyau, sai dai tafarkinta daban ne, ba SysML ba ce, kada ta rikita ka yanzu. Ni dai shawarata ka yi mako biyun farko da fensir da takarda, don manhaja takan sa mutum ya shagala da neman maɓalli ya manta da tunani. Idan kana son takardar shaida daga baya, OMG tana da jarrabawar OCSMP, kuma matakinta na farko na masu karanta samfuri ne, ba masu gina shi ba. Za ka kuma ji ana maganar SysML na biyu, wanda OMG ta amince da shi a 2025. An sake masa tushe, ya rabu da UML, ana iya rubuta shi kamar manhaja, kuma akwatin jinsi na bdd, wanda ake kira block, ya koma part def. Ka fara da na farkon tunda shi ne a takardun da ke hannunka, bambancin jinsi da aiki da ka koya a nan kuwa shi ne ƙashin bayan sabon.

Sharhin da aka ce ka kawo, ga yadda zan yi da ni ne. Ware takardun bisa haruffan kusurwa. Nemo bdd mafi girma ka rubuta sassansa a gefe, sai ibd na wannan tsarin ka bi abu ɗaya daga shiga zuwa fita. Ɗauki buƙata uku kacal ka nemo wa kowacce satisfy da verify ɗinta. Ka tsaya a yanayi ɗaya na stm ka tambaye shi me zai faru idan wuta ta ɗauke. Duk inda ka ga giɓi, kada ka rubuta cewa babu, ka rubuta: ban gan shi a wannan zanen ba, yana cikin samfurin? Idan malaminka yana da samfurin a kwamfuta, roƙe shi ya buɗe maka jerin da ke gefen hagu na manhajar, ka danna Famfo ko makamancinsa, ka ga duk alaƙar da takardar ba ta nuna maka ba.